Ranki Ya Daɗe, Manhaja Mai Tafiya Da Gidanta A Ka

Ku matsa gefe, ku ba da hanya, ga Hajiya Manhaja nan tafe. Raƙuma a gaba, jakuna a baya, 'yan dako sun jiƙe sharkaf da gumi. Ga turmi da taɓarya, ga murhu da itacensa, ga tulu da guga, har rijiyar ma an ciccibo ta an ɗora a amalanke. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ƙaura za ta yi ta bar gari. Ina! Saƙo ta zo isarwa, layi ɗaya tak: "Ina kwana, an tashi lafiya?" Ranki ya daɗe, haka manya suke tafiya. Talaka ne ke zuwa unguwa daga shi sai rigar wuyansa.

Don yaran yanzu su san irin ƙangin da kika fitar da mu daga ciki, bari in ba su labarin zamanin talauci. Kowace manhaja, ta waya ce ko ta kwamfuta, tana da ayyukan da kowa ke yi. Buɗe hoto, matse fayil ya ƙanƙance, kulle saƙo don kada wani ya karanta shi a hanya, zana haruffa a fuskar na'ura. Magina na farko suka ga babu dalilin da zai sa kowa ya sassaƙa turminsa, sai suka ƙera kowane aiki sau ɗaya suka ajiye. Shi ne abin da masu sana'ar ke kira laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a cikinsa. Kayan aiki ne na aro. A Windows sunansa na ƙarewa da dll, a Linux da so, a kwamfutar Apple da dylib. Babbar manhajar da ke riƙe da na'urar, wato uwargida, ita ke ajiye su a tsakar gida. Duk wadda ta tashi daka sai ta ɗauka. Kwafi ɗaya a ma'adana, kwafi ɗaya a ƙwaƙwalwar na'ura, ko da manhajoji ashirin ne ke aiki da shi a lokaci guda. Tun shekarun 1960 tsarin Multics ya fara wannan ɗabi'a, a 1988 kuma SunOS 4.0 ya yaɗa ta a dangin Unix.

Ki dubi wannan ƙasƙanci, ranki ya daɗe! Gida guda, turmi guda. Unguwa guda, rijiya guda. Har akwai wasu dattawa masu taurin kai, mutanen Debian, waɗanda Ian Murdock ya tara tun 1993, da suka rubuta a dokarsu cewa bai kamata manhaja ta ɓoye kwafin laburaren wani a cikin kayanta ba, ta yi amfani da na tsakar gida. 'Yan sa-kai ne, suna kwana suna gyara igiyar guga don mutanen da ba su taɓa gani ba. Ke kuwa tun kina ƙarama kika haddace cewa zanen aro ba ya rufe katara, kika yi rantsuwa ba za ki sake cewa maƙwabciya "ara mini" ba.

Ban manta da uzurinki ba, kuma uzuri ne mai tushe. A shekarun 1990 mai kwamfutar Windows kan ɗora wasa ɗaya, wasan ya danne wani dll da tsohon kwafinsa, washegari manhajar lissafin ofis ta ƙi tashi. Abin ya yi ƙamari har masu sana'ar suka raɗa masa suna jahannamar DLL. A Linux kuma gidaje sun yi yawa, kowane da irin turminsa, har Linus Torvalds da kansa ya tsaya a taron Debian na 2014 a birnin Portland ya koka kan wahalar shirya manhaja ɗaya da za ta yi aiki a dukkansu. An yi faɗa a bakin rijiya, babu musu. Masu ƙaramin tunani suka ce a gyara tsarin layi: a sa wa kowane laburare lamba, mai ƙera shi ya riƙe alkawarin kada sabo ya karya abin da tsoho ke yi, a bar kwafi biyu su zauna gefe da gefe idan ta kama, kamar yadda Windows XP ta fara yi a 2001. Wannan aiki ne mai cin rai, sai da haƙuri da shawara da jin maganar wani. Ke kika zo da maganin da ya fi kowane sauƙi: tunda an taɓa faɗa a bakin rijiya, kowa ya haƙa tasa a tsakiyar ɗakinsa. Allah ya ƙara basira.

Daga nan likkafa ta ci gaba. A 2013 kamfanin GitHub ya fito da wata dabara don manhajarsa ta rubutu mai suna Atom, a 2015 aka sa wa dabarar suna Electron. Hikimar ita ce a ɗauki burauzar Chromium sukutum, wato injin da ke cikin Chrome, a haɗa da Node.js, a naɗe su tare da shafin intanet ɗaya, a ce ga manhaja. Da ita aka gina Slack da Discord da Visual Studio Code da Signal ta kwamfuta. Wanda ya buɗe su huɗun nan, burauza huɗu ya kunna, kowace da injinta, ban da wadda yake karanta labarai da ita. Kamar layin shaguna ne a kasuwa, kowane shago da janaretonsa a ƙofa, ga ƙara ga hayaƙi, alhali fitila ɗai-ɗai suke kunnawa. Bambancin kawai shi ne, a kasuwa mai shago ke sayen mai. A naki tsarin, wanda ya shigo sayayya shi ke zuba mai a dukkan janaretocin. Wa ya isa ya yi wannan dabara in ba ke ba?

Manhajar Electron da ba a rubuta mata komai ba tukuna, fanko, ta haura megabait 100 idan aka kwance ta. Windows 95 gaba ɗayanta, uwargida da duk kayan ɗakinta, ta zo a faifan fulofi 13, ba ta kai megabait 25 ba. Ashe gaisuwarki ta safe ta fi gidan kakanninki nauyi har ninki huɗu. A shekarar nan ta 1995 wani dattijo ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya rubuta maƙala yana roƙon a riƙa gina manhaja marar teɓa, yana gargaɗin cewa nauyin manhaja na ƙaruwa fiye da yadda saurin na'ura ke ƙaruwa. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 2024, bayan ya ga yadda kika amsa roƙonsa da cika ciki. Tsoho bai san cewa ƙiba alamar hutu ba ce.

'Yan'uwanki ma ba su ba da kunya ba. Magina suna da wata tsohuwar magana idan aka kawo musu ƙara: "Ai a kwamfutata yana aiki." A 2013 Docker ya zo ya ce to a naɗe kusan duk abin da ke kwamfutar a aika tare da manhajar, magana ta ƙare. A Linux aka samu Snap da Flatpak da AppImage, kowane da salon ƙunshinsa. Flatpak dai ya ɗan rage, yana da tukunyar tarayya da manhajoji da yawa ke ci a ciki, sai dai tukwanen kan taru iri-iri a na'ura ɗaya. Da Ubuntu ta mayar da Firefox cikin ƙunshin Snap, mutane suka danna suka zauna suna jira ta buɗe, har sai da kamfanin Canonical ya fito ya yi aikin rage jinkirin. Haƙuri ibada ne, kuma kun koya wa mutane shi kyauta.

Amma duk wannan wasan yara ne idan aka zo babbar baiwarki, wato yadda kike adana cuta. Laburare aikin ɗan'adam ne, ba ya rasa ɓaraka. Idan na tsakar gida ne, ranar da aka gano ɓarakar sai uwargida ta yi masa faci sau ɗaya, duk mai aro ya tsira, har da wanda bai san an yi ba. Idan guba ta faɗa rijiyar unguwa, yasa ɗaya ake yi. To amma idan kowane ɗaki ya riga ya cika tulunsa ya kulle ƙofa, sai an bi ɗaki-ɗaki ana ƙwanƙwasawa, wani mai ɗakin ya yi tafiya, wani ya mutu, wani ya rantse cewa shi bai taɓa ɗibar ruwan nan ba.

An ga haka tun 2002, lokacin da aka gano ɓaraka a zlib, ɗan ƙaramin laburaren matse fayil da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka rubuta. Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne farautar ɗaruruwan manhajojin da suka haɗiye kwafinsa a cikinsu. A Afrilun 2014 aka bayyana Heartbleed a OpenSSL, laburaren da ke kulle sirrin babban kaso na shafukan duniya, ɓarakar da ta yi shekara 2 a buɗe. Masu na tsakar gida suka sabunta fayil guda suka sake kunna na'ura. Masu na cikin tulu, wasunsu sun yi shekaru da gubar. Duk wanda ke da hankali da ya ɗauki darasi. Ke kuwa jaruma ce, wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Sai Disambar 2021, aka wayi gari da Log4Shell. Log4j wani laburare ne na harshen Java, aikinsa kawai rubuta abin da ke faruwa a cikin manhaja, kamar akawun da ke riƙe da rajista. Wani injiniyan Alibaba ya gano cewa da ɗan rubutu kaɗan ɗan kutse na iya sa shi ya buɗe ƙofar gida gaba ɗaya. A ma'aunin haɗari ya samu maki 10 cikin 10. Kamfanoni da bankuna da ma'aikatun gwamnati suka kwana suna tambayar kansu abu ɗaya: shin muna da shi? Ba su sani ba! Yana cikin ƙunshi, ƙunshin na cikin wani ƙunshi, shi ma na cikin buhun da aka sayo daga wani ɗan kwangila. A Yulin 2022 kwamitin gwamnatin Amurka da ya binciki lamarin ya ce ɓarakar na iya zama a cikin na'urori har shekara 10 ko fiye. Wace mace ce ta taɓa iya ɓoyo irin naki, har mai gida bai san abin da ke ƙarƙashin gadonsa ba?

Na Satumbar 2023 ya fi nuna gwanintarki. Masu bincike na Apple da na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka kai rahoton ɓaraka a libwebp, laburaren Google mai buɗe hotunan WebP, kuma an riga an fara amfani da ita wajen kutse. Hoto kawai za a turo, na'ura ta buɗe shi, shi ke nan. Chrome ta yi faci, Firefox ta yi, Electron ta yi. Amma facin Electron bai warkar da kowa ba sai kowace manhajar da ta haɗiye shi ta sake ƙunsa kanta, ta fitar da sabon zubi, mai na'ura kuma ya sauke. Ɓaraka ɗaya, faci goma, saukewa goma. Wadda maginanta suka watsar kuwa, tana nan har yau da ƙofarta a buɗe, tana jiran baƙo. Karamci ya kai karamci.

Na san za ki ce rijiyar tarayya ma tana kisa, ki kawo mini labarin xz. Gaskiya ne, a Maris ɗin 2024 aka gano wani ya shafe shekaru yana nuna shi mai taimako ne, har ya samu amana, ya dasa ƙofar sirri a wannan laburare da manyan gidajen Linux ke amfani da shi. Da ta bazu, da ɓarnar ta game duniya. To amma yaya aka yi ta tonu? Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata na'ura na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba, ya bi sawu, ya fallasa ranar 29 ga wata, cikin 'yan kwanaki aka janye gurɓataccen zubin tun bai kai ga yawancin mutane ba. Rijiyar da ke fili, mai wucewa ma na iya ganin ruwanta ya sauya launi. Tulun da ke ƙuryar ɗakinki wa ke leƙawa?

Ga kuma kyautarki ga masu tsaron rijiyar. Lokacin Heartbleed aka ji cewa gudummawar da OpenSSL ke samu ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba, alhali kamfanoni masu biliyoyin daloli na sha daga gare shi. Log4j 'yan sa-kai ne ke riƙe da shi. xz mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗawainiya da shi, gajiyarsa ce ma ta ba maƙetaci hanya. Kin ɗebi ruwansu kyauta, kin zuba a tulu mai tambarinki, kin sayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu bari in gaya miki inda ayarinki ke sauka, don na san daga ofisoshin Kalifoniya ba a hango wurin. Can maginanki na aiki da sabuwar kwamfuta, intanet ba ya yankewa, wuta ba ta ɗaukewa, megabait 200 a wurinsu kamar ƙwayar gero ce. Nan kuwa yana sauka ne a kan wayar itel ko Tecno mai gigabait 16 ko 32, wadda aka sayo a Farm Centre ta Kano bayan an yi adashe. A waya ma haka kike, kowace manhaja da injinta, da kwafin laburarenta, da 'yan rahoton masu talla da ta goyo a baya. Yana sauka a kan ɗalibin da ke sayen data ta kwana ɗaya, a ƙasar da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Shi ya sa "turo mini ta Xender" ta zama gaisuwa a tsakanin matasa: kowa na karɓar tsohon kwafi daga wayar abokinsa, da duk ɓarakar da ke cikinsa, don sabo ya fi ƙarfin aljihu.

Wata rana Gwaggona ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗan nan, duba mini, wai ta cika." Wata manhaja ce ta ƙi buɗewa sai an sabunta ta, sabuntawar kuma ta ƙi shiga sai an samar mata wuri. Na bincika, babu abin gogewa sai hotuna: sunan jikarta, bikin autarta, da muryoyin da ƙanenta ya riƙa turo mata daga Makka. Ta daɗe tana kallon fuskar wayar, sannan ta ce, "Goge na bikin, ai na gani da idona." Na goge. Manhajar ta shiga, launin maɓallanta ya sauya, aikinta na nan yadda yake. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ke kin fi ƙarfin karin magana: ke kika ja ruwan, Gwaggo ya doka.

A nan ne kirarin ke maƙale mini a wuya. Mai ƙaramar waya da ƙaramar data shi ne ke kashe sabuntawa don ya tsira da kuɗinsa. Wanda ya kashe sabuntawa shi ne facin ba ya isa gare shi. Da laburaren na tsakar gida ne, da saukewa ɗaya ƙarama ta rufe masa ƙofa goma. Da kika raba shi gida goma, kin mayar da tsaro abin saye, kowace ƙofa da farashinta. Mai hali ya rufe duka. Marar hali ya zaɓi wadda zai bari a buɗe, kuma a wayar nan kuɗin cinikinsa suke, da sirrin iyalinsa. Sauƙin da magini ya samu na awa ɗaya, miliyoyin mutane ke biyansa kowane wata, kuma ba a taɓa tambayarsu ba.

Kada ki ce ba za ki iya ramewa ba, mun ga kin yi da kika ga dama. A 2015 Facebook ya fitar da Facebook Lite, bai kai megabait 1 ba, don kasuwanni irin namu. A 2023 Microsoft ta cire Teams daga Electron ta mayar da ita kan WebView2, injin burauza na tarayya a Windows, kuma da bakinta ta ce sabuwar ta ninka sauri, ta rage cin ƙwaƙwalwa da rabi. Android tun 2014 take sabunta WebView ɗinta ta Play Store, injin guda da manhajoji da yawa ke aro. Ashe turmin tsakar gida na nan, bai tsage ba. Ganin dama ne ya yi ƙaranci.

Maroƙi ba ya tashi hannu sake, ranki ya daɗe, ni ma ga ƙoƙona. Ba na son riga, ba na son doki. Abin da uwargida ta riga ta ajiye, ki ara, ki bar naki a gida. Wanda ya zama dole ki ɗauko, ki rubuta sunansa da lambarsa a bayan buhu, yadda ranar da aka yi shelar guba kowa zai san ko tana ɗakinsa. Gwamnatin Amurka ma a Mayun 2021 ta fara neman irin wannan jeri daga masu sayar mata da manhaja. Ranar da aka yi faci, ki kawo shi da wuri, kuma ƙarami, kada ki sa a sake sauke gida don an canza ƙusa. Ki ware wani abu daga ribarki ga mutanen da ke yasar rijiyar da kike sha. Sannan kafin ki fito, ki sa maginanki su gwada ki a kan waya mai gigabait 16 da datar kwana ɗaya, su ji abin da ake ji.

Idan duk wannan ya yi wa mai girma irinki yawa, to ki bar mini guda ɗaya. Jikar Gwaggo ta fara tafiya, an turo hoton jiya. Ki matsa kaɗan, ki ba shi wuri.